Likitan da Ba Ya Karɓar Kuɗi Sai Kati

Kati na tara Zulaihat take kankarewa lokacin da hannunta ya ƙi ci gaba.

Shekara shida tana sayar da katin waya a bakin kasuwar Nguru, ba ta taɓa ganin mai sayen kati ashirin lokaci guda da alheri ba. Ga Inna Asta, tsohuwar Bafulatanar da ke kawo mata kindirmo, tsugune gaban teburin da kuɗin karsanarta a ƙulle a bakin zani. Ita kaɗai ce dabbar da ta rage mata, da safen nan ta sayar.

Wani ne ya kira tsohuwar a waya, ya ce shi likita ne a Gashuwa. Wai ɗan farinta ya faɗi a babur, ba za a taɓa shi ba sai an karanto lambobin kati. Likita mai shan kati kamar koko!

"Inna, asibiti ba ya karɓar kati," in ji Zulaihat. "Wallahi ɓarawo ne. Haka suka yi wa mijina."

Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"To mene ne sunan yaron? Mu kira lambarsa."

"Wancan ɗin ba ya ɗauka."

Zulaihat ta san Fulani da kunyar ɗan fari, ba sa kama sunansa, ba sa hira da shi. Amma yau takaici ya hana ta ganin kyan al'adar. Ta yi roƙo, ta yi rantsuwa, har ta ce za ta rufe teburin su hau motar Gashuwa tare, ita za ta biya. Inna Asta ta girgiza kai.

Wayar Inna Asta ta sake ruri. Tsohuwar ta tura ta kan tebur da sauri, ta ja mayafi ta kawar da fuska.

Zulaihat ta amsa, muryar ta fito a shaƙe, kamar an rufe baki da tsumma. "A yi sauri, jini yana zuba."

"Karanta masa," in ji Inna Asta a hankali.

Zulaihat ta kankare sauran ta karanta, hawaye na hana ta ganin lambobin. Ana gama na ƙarshe aka kashe, ko sannu babu. Ta sake kira, waya a rufe.

"Kin gani ko? Karsana ta tafi. Da ke kika yi masa magana da kanki, Inna, da kin gane maƙaryaci ne."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta ɗora ƙwaryarta a ka.

"Tun sallamarsa a kiran farko na gane shi, 'yata. Abin da ya kai shi ga sauya murya ba ƙarami ba ne." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ina kika taɓa ganin Bafulatana ta yi hira da ɗan farinta?"