Ranar da Jirgin Kada Ya Tsaya

Jirgin Kada ya tsaya cak a tsakiyar tekun wasan da ke cikin wayar mai aski. Intanet ɗin Kada, wani ɗan ƙungiyarsu ta wasan, ya yanke.

Mai aski ya ajiye injin aski, ya kama wayar da hannu biyu. Wannan Kadan ne bara ya nutsar masa da jirgin yaƙi lokacin da nasa intanet ɗin ya yanke, alhali dokar ƙungiyarsu ta hana harbin wanda ba ya nan. Har da turo masa dariya. Tun ranar mai aski, da furfurarsa da komai, yake kwana yana tashi da abin a rai.

"Maigida, rabin kaina fa?" in ji mutumin da ke kan kujera.

"Yi haƙuri, malam, yaƙi ake yi."

Mai aski ya saita bindigogin jirginsa duka, sai kuma ya dakata. Ina daɗin kashe wanda ba ya kallo? So yake Kada ya dawo, ya ga wutar da idonsa, ya san daga hannun wa ta fito.

Ya jira.

Kada na dawowa ya rubuta wa ƙungiya: "Jama'a, Baba ya same ni a tsaye, bai harba ba. Wallahi na ji kunya. Wannan shi ne dattijo!"

Yabo ya yi ta zubowa. Kafin mai aski ya ce uffan, an naɗa shi alƙalin wasa na dindindin.

Alƙali kuwa, a dokarsu, ba ya shiga yaƙi.