Saƙon Ridwane Daga Sama

"Inna, ki yafe mini. Jirgin nan sai jijjiga yake, kowa na salati."

Saƙon murya ne daga Ridwane, ɗan Dijatu, wanda ya tafi Indonesiya saro atamfa, yana bin tsibirai a ƙaramin jirgin sama. Dijatu ta saki wayar, ta zube ƙasa. Nan da nan matan unguwar Zongo suka cika gidan, wata har ta fara shimfiɗa tabarmin makoki.

Ƙanwarsa Safwana ta dawo daga kasuwar Dantokpa, ta saurari saƙon. Sai ta tsaya cak.

"Inna, yaushe ya shigo?"

"Yanzun nan."

"Ku naɗe tabarmin nan! Waya ba ta da rezo a sama, saƙo ba ya fita. Tunda saƙon ya iso, Yaya ya sauka."