Ranar Sauke Na'urar Leposava

Ruwan da ya taru a cikin iyakwandishan yana ta ɗiga kan rumfar mai burodi da ke ƙasa, Leposava kuwa tana zaune a kujerarta tana sauraro. Sauraron ne ya rage mata. Idanunta sun daɗe da yin hazo, mutum a wurinta inuwa ce kawai mai motsi.

Mai gyaran ya zare fulogi tun da ya shigo, ya karkata na'urar waje don ta tsiyaye, ya ciro ragar gabanta ya je ya wanke ya shanya. Maƙwabciyarta Dušanka ce ta kawo shi farkon zafi, ta ce wani ne daga bayan tashar jirgi, hannunsa na da kyau, sai dai ba ya son surutu. Ba ta yi ƙarya ba. In ya yi magana a maƙoshi yake yin ta, kamar mai fama da mura, kuma bai taɓa kiran tsohuwar da suna ko da laƙabi ba.

Shi ya ɗora na'urar a taga, shi kuma ya yi ta zarya a kanta duk tsawon zafin, don Leposava ba ta rasa ƙorafi. Yau tana gurnani, gobe tana yoyo, jibi sanyinta ya yi yawa. Ya zo, ya taɓa nan ya taɓa can, ya sha kofinsa baƙi ƙirin ya tafi.

Yanzu iskar kaka ta fara kaɗawa, kuma babu tsohuwa a birnin Niš da za ta yarda ta kwana da tsaga a taga. Kowa ya san iskar da ke ratsa ɗaki: ta riƙe wuya, ta sauka ƙirji, sai makoki. Dole na'urar ta sauka. In ta sauka kuwa, mai gyaran ba shi da abin da zai sake kawo shi sai wani zafin, ita kuma tun ranar da likita ya saurari ƙirjinta ya yi shiru mai tsawo, ta daina sa ran ganin wani zafin. Wannan ne ya hana ta barci, ba sanyi ba.

Sai ta shiga jan aikin. Ta sa ya sake wanke ragar. Ta ce kofin ya huce, a dafa wani. Ta aika Dušanka ƙasa ta tsaya a bakin titi tana korar masu wucewa, sannan ta ce a jira yaran makaranta su gama shigewa.

"Kada ka ɗaga gilashin tagar sai ka riƙe ta da kyau," in ji ta. "Shi kaɗai ya danne ta."

Ya kwance sukurorin gefe, ya naɗe fukafukan robar da ke toshe gefen tagar, ya rungumi na'urar da hannu ɗaya ya tura gilashin sama da ɗayan. Ƙarfe ya goge katako da ƙara. Nauyin ya rinjaya waje, takalminsa ya zame a kan tayil, wani nishi ya kuɓuce masa da ainihin muryarsa. Leposava ta dafe hannun kujera. Can ta ji abu mai nauyi ya sauka a kan tsohon bargon da aka shimfiɗa, shi kuma yana haki a durƙushe.

Ta ce ya ajiye ta a tsaye, kada ya kwantar da ita ta gefe. Mijinta marigayi Budimir ya taɓa yin haka, man cikinta ya bi inda bai kamata ba, suka yi zafin shekarar da mafici. Shi ma haka yake, ba a gaya masa ya ji. Duk gidan haka suke. A ranar da aka binne shi ne ita da ɗansu Vukašin suka yi cacar baki kan asibitin da aka kai shi, ta ce kada ya sake taka mata gida tana raye, shi kuma ya rantse a gaban dangi ba zai taka ba. Mutane sun ce yana Jamus. Ta gaji da wannan fushin, gajiya irin wadda kwanciya ba ta sauke ta, amma ba ta san ta inda ake ajiye shi ba.

Mai gyaran ya naɗe wayar, ya lulluɓe na'urar, ya kai ta ɗakin ajiya ya ɗora a kan katako don kada ta sha danshi. Ya cusa soso a bakin tagar ya rufe gam. Aikin ya ƙare, babu inda za a kushe shi.

Ta ce famfon kicin yana ɗiga. Ya ce ya gyara tun ɗazu. Ta ce ƙofar baranda tana fito in an yi iska.

"Na duba, lafiyarta ƙalau."

"Kai da ido ka duba. Ni nake kwana da ita."

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, jakar kayan aikinsa na rataye a hannu. Daga ƙarshe ya ce zai leƙo mako mai zuwa, ya sauka.

Dušanka ta hauro tana nishi, ta zube a kujera, ta tambaya a hankali ko har yanzu mai gyaran nata yana yi mata.

"Yana yi," in ji Leposava. "Ki ce ya je a duba masa bayan nan, tun yana ƙarami yake ɗaukar kaya a karkace. Amma don Allah, Dušanka, kada ki gaya wa Vukašin na gane shi. In ya san na sani, rantsuwarsa ba za ta bar shi ya dawo ba."