Shatin Yatsun Baba

Har yau idan na ji warin ɗanyen siminti, wata la'asar nake tunawa. Babana, tsohon ɗan kokawa, ya goyo ni a keke daga Lajawa zuwa gonarsa ta bakin titin Wudil, wadda ya bayar don a gina zauren wasanni. Leburori sun gama zuba daɓe ke nan, ga ƙarafa a tsaitsaye.

Ya sunkuya zai ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, yadda 'yan kokawa ke yi kafin su kama juna. Ya manta babu sauran ƙasa. Yatsunsa suka nutse a simintin, ya yi dariya ya goge a rigarsa.

Ya ce, "Ɗana, a nan za ka yi kokawa ko ana tsuga ruwa."

Ba a taɓa rufa ginin ba. Baba ya rasu, ni ma gwiwoyina sun fara ciwo. In zan je kasuwa ranar Juma'a nakan tsaya. Shatin yatsunsa na nan, ruwan sama na kwanciya a ciki. Wurin bai zama zaure ba, kuma ko gero ba zai ƙara fitowa ba.