Sunan 'Yar Fari

Tun da aka kafa dokar ambato, masani ba ya fita daga cibiyar bincike sai wasu masana sun ambaci aikinsa har allon bakin ƙofa ya cika. Dakta Zuwaira ce ta haɗa maganin ƙwayar cutar da ta ƙarar da awakin garinsu. Masana sinadarai suka ce aikin na masana ƙwayoyin cuta ne, waɗancan ma suka turo musu. Ba wanda ya ambace ta.

Uwarta, Iya Tasalla, ta doka sanda a tagar mai gadi.

"Kai ɗan nan, sako mini yarinya! 'Ya'yanta sun manta fuskarta."

"Iya, ambatonta bai cika ba."

"Ƙarya kake! Duk kasuwar awaki sunanta ake kira."

"Ba irin wannan ba, Iya."

Zuwaira 'yar farinta ce. Tun ran suna Iya ba ta taɓa furta sunan ba, "waccan" take cewa. Ta dubi matan da ke layin jiran ganin nasu 'ya'yan, ta ja mayafi, ta ware murya.

"Zuwaira!"

Matan suka sunkuyar da kai. Allon ko motsi bai yi ba.

Can a bene, bayan ƙarfen taga, aka amsa: "Na'am, Iya."