Mahaucin da Ya Ƙaryata Awon Jininsa

Kai da kake kumfar baki don takardun asibiti biyu sun saɓa, zauna ka ji. An yi wani mahauci da gudan jini ya toshe masa jijiyar ƙafa. Likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini, ya ce ya riƙa zuwa ana auna saurin daskarewar jinin, kada ya yi kauri, kada kuma ya tsinke da yawa. Mutumin nan zargi ya yi masa katutu, ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Sai ya ba da jini a ɗakin gwaji guda, washegari ya kai wani, sakamakon ya ɗan bambanta. Nan fa ya hau sama. Ya je ya buga teburin mai awon, yana cewa shi a rumfarsa kilo kilo ne, sikelin da ya faɗi magana biyu na ɓarawo ne. Matar da ke awon ta yi masa bayani a tsanake: jini ba tsokar nama ba ne, zafin gari da daɗewarsa a kwalba da sinadarin da aka zuba masa duk suna ɗan motsa lambar, kuma duka biyun suna cikin iyakar da likita ya yanka. Ina! Ya ce an raina masa hankali, ya fice ko sallama babu.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan: lafiyarsa ƙalau, wallahi ƙalau! Amma ya kafe a kan takardar da ta nuna jinin ya ɗan fi kauri, ya riƙa ninka ƙwayar da kansa don ya ga lambar ta tsaya cak inda yake so. Dasashinsa ya fara jini in ya yi asuwaki, matarsa ta yi magana, ya daka mata tsawa. Ran nan a kwata yana fiɗar wani sa, wuƙa ta zame ta same shi a cinya, irin yankan da mahauta kan ɗaure da tsumma su ci gaba da aiki. Aka ɗaure, tsumma ya jiƙe. Aka sake, ya jiƙe. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa, ya bar mace da 'ya'ya ƙanana saboda ɗan bambancin da bai kai ya kawo ba. Hausawa dai sun gama magana: garin neman gira an rasa ido.