Kwanon da Babu Barkono

Malamar jinya ta zo gidan direban da ke neman aurenta da amsarta a baki: a'a. Wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku, ai mai girki yake nema, ba mata ba.

Mahaifiyarsa ta nuna mata kicin, sai malamar ta tsaya turus a bakin ƙofa. Direban ne a ciki, ko kayan aiki bai cire ba. Albasa ta yi laushi a kasko, ya zuba niƙaƙƙen nama yana farfasa shi da cokalin katako, ɗaya hannun yana barbaɗa gishiri ba awo. Tun da take ba ta taɓa ganin namiji da irin wannan hannu ba.

Kafin ya sa barkono, ya ɗebi kaɗan a kwano ya rufe.

"Na auta ne?" ta tambaya.

"Naki ne, ranki ya daɗe. Kin taɓa cewa yaji na tayar miki da gyambon ciki." Ya sunkuyar da kai. "Wata biyu ke nan kullum ina cirewa, ko Allah zai kawo ki."

Ta lalubi a'ar da ta zo da ita, ta rasa.

"Miƙo min cokali," ta ce a hankali.